Ramin Ƙofar Yaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, a ofis

Wannan littafin na awon titi ne, ba na surutu ba. Amma tunda awo ya tsaya, gara in cika ragowar shafukan da in bar wa gara ta cinye.

Takarda ta iso daga jiha yau da hantsi. Ciyaman ya tara mu, shugabannin sassa, ya karanta ta a tsaye. Kuɗin titunan cikin gari da na gyaran tsofaffin unguwanni, namu da na sauran birane shida, an karkatar da su zuwa gadar sama da ake ginawa a babban birnin jiha. Wai na ɗan lokaci. Shekara ashirin da biyu ina sashen ayyuka, ruwa na san ana karkatarwa, sai motoci idan ana gyaran hanya. Ban san ana karkatar da titi tara ɗungurungum ba sai yau.

Taran nan duk an haƙe su. An fasa tsohuwar kwalta, an tona ramin magudanar ruwa a gefe, mai zurfin da zai kai wa mutum ƙirji, kuma ko cokali ɗaya na siminti ba a zuba ba. Ɗan kwangila ya riga mu jin labari. Kafin Ciyaman ya kai ƙarshen takardar, motocinsa sun fara kwashe kaya. Ga damina a bakin ƙofa.

Ɗaya daga cikin taran layin Yaya ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na biya wajen Yaya. Ramin ya bi ta gindin katangar ɗakin injinta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Baba ne ya gina ɗakin nan da hannunsa shekarar da aka haife ni, Yaya tana miƙa masa bulo. Da su Baba da Inna suka rasu ita ta riƙe ni, da injin niƙan nan ta yi mini makaranta. Injin dai wannan na uku ne, amma ɗakin shi ne har yau.

Na same ta fari fat da gari har gira, mata uku suna layi da robobinsu a kan bencin da ke jikin katanga. Ta rage wa injin wuta ta ce, "Auta, mutanenka sun gudu ko?"

Na ce, "Za su dawo, Yaya."

"To Allah ya dawo da su. Kafin nan ka samo mini katako mai faɗi. Jiya wata saura kaɗan ta kife da ƙullunta a ramin nan."

Ga furfura a gemuna, duk gari ana Injiniya, Injiniya, amma a bakinta har gobe Auta ne. Na ce zan kawo katakon.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Taro tun safe. Ciyamomin birane bakwai sun haɗa kai, abin da ban taɓa gani ba, don biyu daga cikinsu ko gaisawa ba sa yi. Za a kai ƙara, za a kuma kai koke majalisar jiha a nemi kwamiti ya zo ya gani da idonsa. Sun ɗauko lauya guda, wani siriri mai tabarau, maganarsa a hankali kamar mai auna magani.

Bayan sun watse muka zauna mu ya mu. Na yi bayani cewa man da ya rage mana a rumbu zai ishi tsohuwar katafilarmu ta mayar da ƙasa cikin ramukan kafin ruwa ya sauka. Ba gyara ba ne, rufin asiri ne. Dogo direban katafila yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a gaya masa inda zai fara.

Sai lauya ya ɗaga hannu. Ya ce idan muka cike duka, kwamiti zai zo ya ga ƙasa lafiya lau, ya koma ya ce babu wata ɓarna. Kowane birni ya bar rami ɗaya a buɗe, yadda ɗan kwangila ya bar shi, ya zama hujja. Mako biyu ne kawai, in ji shi.

An zaɓi layin Yaya.

An zaɓa dai. Haka zan rubuta.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Ban kai katakon ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Dogo ya cike layi biyar. Yau ya zo kan na shida, wanda ke maƙwabtaka da na Yaya, duk unguwa ta fito kallo. Da ya gama sai ya juyo da katafila, ya zo daidai bakin layinta, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya wuce. Ina tsaye a gefe da hular kwano, ina ta duba takardar da babu komai a cikinta.

Yaya ta fito har bakin rami, ta riƙe ƙugu.

"Auta, shi wannan dogon makaho ne? Ga rami a gabansa."

"Umarni ne daga sama, Yaya. An ce a bar wannan sai kwamiti ya gani."

"Daga sama."

"Eh."

Ta kalle ni, irin kallon da take yi mini ina yaro idan na ce ba ni na shanye madarar ba. Ta ce, "To madalla. Saman nan dai tana da aiki." Ta koma ta tayar da injinta.

Na ji haushinta, wallahi na ji. Ban san dalili ba. Har na dawo ofis ina huci, na sauke shi a kan masinja saboda bai goge tebur ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai mata katakon. Allon sanarwar aikin ne na sa aka cire daga bakin layi, tunda shi ne mafi faɗi da na samu. Mun shimfiɗa shi a kan ramin, rubutun yana kallon sama: sunan aiki, sunan hukuma, wa'adi wata shida. Yanzu matan unguwa a kan wa'adin suke takawa su shiga niƙa. Wata mai tsokana ta ce, "Injiniya, ashe gadar sama mu ma an yi mana tamu." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Na tafi da igiyar awon Baba a aljihu, wadda ke da dalma a bakinta, da ita yake gane ko gini ya miƙe. Da Yaya ta shiga cikin gida na hau benci na saki igiyar daga saman katangar. Ta karkata wajen rami da faɗin yatsa ɗaya. Yatsa ɗaya ba komai ba ne a ginin da ya haura shekara hamsin. Mai yiwuwa ma tun asali haka take.

Baba bai taɓa yin gini a karkace ba. Amma dai mai yiwuwa ne.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar, a gida

Maman yara tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wai ni kam, wa ya zaɓi layin Yaya?"

Na ce taro ne ya zaɓa.

"Taro ba shi da baki. Wa ya faɗa a cikin taron?"

Na ce ta bar shiga harkar ofis, ba ta san yadda ake aikin hukuma ba. Ta ce gaskiya ne ba ta sani ba, amma ta san mijinta, shekara ashirin da huɗu. Ta ce duk ranar da na fara cewa "an yi" da "an ce", to ni na yi, ni na ce.

Na tashi na bar mata gidan, na je na zauna wajen mai faci har magariba ina kallon taya.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An ɗage zuwan kwamiti. Shugabansa ya yi tafiya. Sai ƙarshen wata.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ruwan farko ya sauka da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Ina ofis ina kallonsa ta taga. Ko tsagaitawa bai gama yi ba na hau babur.

Abin da ban lissafa ba, kuma ni ya kamata in lissafa: da muka cike layuka takwas, ruwansu duka ya rasa hanya sai ramin Yaya. Unguwa guda take juye ruwanta a gindin katangar nan. Na tarar da shi jajir yana gudu yana cin gefe, ƙasa tana zaftarewa guntu guntu. Ɗalibin shekarar farko ba zai yi wannan kuskuren ba. Ni da nake koya wa yara sababbin ɗauka cewa kafin ka taɓa ƙasa ka tambayi ruwa ina zai bi.

Yatsa biyu.

Yaya ta ba ni shayi, ta ce in cire rigar in matse. Ba ta yi maganar rami ba, ni ma ban yi ba. Mun yi hirar 'yarta da ke aure a wani gari, wai cikin ya tsufa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na sami lauya a masaukinsa. Na ce a canza layi, a buɗe wani ramin a wani wuri a cike wannan. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Injiniya, ramin da ka tona da hannunka bayan an shigar da ƙara ba hujja ba ne, ƙirƙira ce. Wannan kuwa ya riga ya shiga takarda. Shi ne hujja ta uku. Da hotonsa, da awonsa, da rantsuwarka a ƙasa cewa haka yake ba a taɓa ba."

Na ce to a bar ni in jera buhunan yashi a gindin katangar, in tokare ta da katako.

Ya ce lauyoyin jiha ido suke zubawa. Da sun ga buhu ɗaya za su ce hukumar birni tana da halin kare mutanenta, ashe babu gaggawa. Ya ce in yi haƙuri kwana goma, birane bakwai ne suka rataya a kan wannan.

Mutumin ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Har ruwa ya ba ni. Da mugu ne da na ji sauƙi, da na zage shi tas na fito.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Dogo ya zo har gida, ya ƙi shigowa, muka tsaya a ƙofa. Ya ce, "Oga, akwai sauran mai a tanki. Yau Lahadi, ba kowa a ofis. Awa biyu ta ishe ni in cike ramin. Gobe ka ce ni na yi gaban kaina, a ba ni takardar gargaɗi, ai ba yau aka fara ba."

Na ce masa rantsuwa na yi a gaban kotu. Na ce idan aka cike ramin nan ƙarar birane bakwai za ta sami tangarɗa, kuma sunana za a kira. Na yi masa dogon bayani a kan doka, ni da ban san doka ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To shi ke nan, Oga. Dama Yayarka ce take yi wa iyalina niƙa tun ina sabon aure." Ya hau kekensa ya tafi.

Awa biyu. Na rubuta a nan don kada wata rana in ce ba a ba ni dama ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau aka yi tattaki zuwa ofishin wakilin jiha. 'Yan kasuwa, direbobi, malaman makaranta, har da masu shara da tsintsiyoyinsu. Haka aka yi a duka biranen bakwai lokaci guda. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma muna da gaskiya, wannan ban taɓa shakkarsa ba. Titinmu ne, haƙƙinmu ne, an ɗauke ba tare da ko sallama ba.

Sai da muka kai shataletale na lura da kwalayen da aka ɗaga. Hoton ƙofar Yaya ne a kan fiye da rabinsu. Ga ramin cike da ruwa, ga allon sanarwa a shimfiɗe, ga ita kanta tana tsallakawa da bokiti a ka, zaninta a tattare. Ba wanda ya nemi izininta. Matar da ko a bikin 'yarta sai da aka yi da gaske ta tsaya aka ɗauke ta hoto.

Kansilan unguwar kasuwa ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Injiniya, Yayarka ta zama tauraruwa." Na ture hannunsa. Saura ƙiris in yi abin da za a kore ni daga aiki.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sake yin ruwa jiya. Yatsa uku, har da ɗan ɗoriya. Tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara ƙasa.

Na ce wa Yaya ta daina tayar da injin, girgizarsa tana ƙara wa katangar ciwo. Ta kashe shi don ta ji ni sosai, ɗakin ya yi tsit.

"In daina niƙa. To in ci me, hujja?"

"Zan riƙa kawo miki abin da kike buƙata. Ki dawo gidana ki zauna kwana kaɗan."

"Ni na ce maka ina neman mai ciyar da ni? Shekara arba'in ban kwana da yunwa ba, ban kuma roƙi kowa ba, har da kai." Ta nuna aljihuna da haɓa. "Fito da igiyar Baba ka auna a gabana mana. Kullum sai ka jira na shiga ciki, kamar ɓarawon kaji."

Kunya ta rufe ni. Na fito da ita na auna. Ta matso ta duba tazarar da kanta, ta sa yatsunta uku a wurin.

"Auta, akwai abin da kake son gaya mini?"

Na ce kwamiti zai zo ranar Alhamis.

Ta ce, "To." Ta ɗan jira. Ni ma na jira. Sannan ta ja igiyar injin ya tashi.

Na lura ta ɗauke bencin masu jira daga jikin katangar ta mayar da shi tsakar gida. Ban tambaye ta ba.

Litinin, 31 ga wata, da hantsi

Hadari ta gabas tun safe. Kwana uku ya rage. Ya Allah, kwana uku.

Talata, 1 ga sabon wata

Ba zan iya rubutu yau ba. Tana da rai. Ba wanda ya mutu.

Laraba, 2 ga wata, ƙarfe uku na rana

Jiya wajen ƙarfe biyu aka fara ruwan. Ina cikin taron shirya tarbar kwamiti, ana gardama a kan wa zai zauna kusa da wa, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Yaya ne, mai gyaran rediyo. Ya ce, "Injiniya, ka zo." Na bar taron na hau babur.

Katangar ta tafi gaba ɗayanta, ta ja rabin rufin, ta ja ƙofar da ginshiƙanta. Injin ya bi su, yana can ƙasan rami ruwa yana wucewa ta kansa, bakin mazurarinsa kawai ake gani. Daga kan titi kana hango cikin ɗakin kamar an yanka shi da wuƙa: ƙusar da take rataye mayafi, kalandar bara, tabon hayaƙi a bango inda fitilar Inna take zama.

Yaya tana tsaye a tsakar gida, ruwa yana dukanta, mata biyu suna riƙe da ita. Ashe tun da hadari ya haɗo ta kashe injin ta kori kowa daga ɗakin. Ta ce ta ji katangar tana magana tun safe. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka zo da igiyar?"

Da ta mare ni da ya fi mini.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko sau ɗaya ne.

Ranar Alhamis ɗin can, da lauya ya ce a bar rami ɗaya, Kansilan unguwar kasuwa ya yi dariya ya ce, "Kowanne za a bari, ban da titin Yayar Injiniya. Wannan ai shi Dogo zai fara cikewa." Aka yi dariya. Shekara biyu ke nan ana yi mini wannan waƙar, tun da layin ya shiga jerin waɗanda za a gyara. Wai na yi wa gidanmu hanya. Alhali layin ya fi kowanne lalacewa, da awo da komai, amma wa zai tsaya duba awo?

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "A bar layinmu."

Ba wanda ya nema. Ciyaman ma cewa ya yi, "Injiniya, ka tabbata? Ga layin bayan makaranta, fili ne, babu gini kusa da ramin." Na ce na tabbata, a bar namu, kowa ya gani. Aka tafa mini. Kansilan ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina. Daɗin nan bai kai minti biyar ba.

Ba jiha ce ta zaɓi katangar Baba ba. Jiha ta ɗauke kuɗin titi, Allah ya isa, wannan nata ne. Lauya rami ya nema, kowanne. Ni na miƙa nata, don in rufe bakin mutum ɗaya da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwamiti ya zo, mota shida. A sauran biranen an ce ko saukowa ba su yi ba, ta gilashi suka leƙa. A nan kuwa sun sauko duka, suka tsaya a bakin ramin suna salati. Ɗaya ya cire hula. 'Yan jarida suka yi ta ɗaukar injin a cikin laka.

Shugabansu ya nemi ganin mai gidan. Yaya ta aiko a ce tana da baƙi. Babu kowa a wurinta sai maman yara.

Da suka tafi Ciyaman ya rungume ni a gaban mutane. Ya ce hujja ta uku ita ce ta girgiza su, ya ce samun ma'aikaci irina da zai fifita gari a kan gidansu sai an tona. Lauya ya riƙe hannuna da hannu biyu. Shi dai ya ce, "Ka yi haƙuri," a hankali, yadda ba wanda zai ji.

An ce za a duba. An ce wataƙila a dawo da wani abu, wataƙila sai baɗi. Na ga na koma "an ce".

Asabar, 5 ga wata, da azahar

Lauya ya ce yanzu za a iya cikewa. Dogo ya ciro injin da sarƙa, ya mayar da ƙasa. Awa ɗaya da minti arba'in. Bai kalle ni ba har ya gama.

Makanike ya buɗe injin ya ce laka ta shiga ko'ina, gyaransa ya fi sayen wani wahala.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je da magini da niyyar mu auna a tayar da katangar. Na ce wa Yaya ni zan yi komai, bulo da siminti da sabon inji, kafin wata ya ƙare. Ta ce in sallami bawan Allah kada in ɓata masa yini. Surukinta zai zo ranar Alhamis ya tafi da ita, 'yarta ta kusa haihuwa. Na ce to bayan suna sai ta dawo ta tarar da ɗaki. Ta ci gaba da ninke kaya.

Na zauna a kan bencin nan na masu jira. Na buɗe baki sau biyu. Na farko na tambaye ta ko tana buƙatar kwali, na biyu na ce rana ta yi zafi yau.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Motar ta zo da safe. Kayan ba su da yawa: akwati biyu, katifa, tukwane, keken ɗinkin Inna. Matan unguwa sun cika layin, ana ta koke-koke, wata tana tambaya yanzu ina za su kai niƙa. Yaya tana tsokanar su, wai su je babban birni, ta ji an ce a ƙarƙashin gadar sama akwai inuwa.

Da aka gama ɗaure kaya ta kira ni gefe, daidai inda ƙofar ɗakin injin take a da. Na ce, "Yaya, akwai maganar da..."

Ta ce, "Na sani. Dogo ya gaya mini tun ranar da ya wuce da katafila. Da yamma ya dawo, ya ce ba zai iya haɗa ido da ni ba sai ya faɗa."

Na lissafa. Wata guda cur. Duk shayin nan, duk "daga sama" ɗin nan.

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Da ka zo ka ce, Yaya, na yi wauta a gaban mutane, ki rufa mini asiri, wallahi da ni da kaina zan kwashe injin in bar maka katangar ka yi hujjarka. Bulo ne, Auta. Ni na miƙa su, na san ba su da rai." Ta gyara mayafinta. "Amma ka tsaya a ƙofata ka ce daga sama. Ni da na wanke maka kashi."

Na ce ta yafe mini. Na maimaita.

Ta ce, "Na yafe tun tuni, ai ba ni da wani ƙanin. Zaman ne dai ba zan iya ba."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro makulli, na ƙofar ɗakin injin, wanda ke ɗaure da jan ƙyalle tun ina firamare. Ƙofar tana ƙarƙashin ƙasar da Dogo ya mayar. Ta kama hannuna ta danƙa mini shi, ta naɗe yatsuna a kai kamar yadda take yi idan za ta aike ni.

"Riƙe," ta ce. "Ko za su nemi hujja ta huɗu."

Ta shiga gaban mota. Na tsaya har suka sha kwana a bakin layi, ba ta waiwayo ba.

Makullin yana aljihuna tare da igiyar Baba. Shafi biyu ya rage a littafin nan, zan bar su. Gobe akwai taro ƙarfe tara, wai za a ba ni takardar yabo.